Bazarar da Na Yi Koyi da Kusu

Shekara goma sha bakwai muka yi da matata ba mu samu haihuwa ba, kuma a cikin shekarun nan duka ita ake kallo. Ni ba wanda ya taɓa tambayata ko lafiya. Ƙauyenmu yana gefen hanyar da ta tashi daga Tsarnawa ta nufi Malbaza. Da damina mu noma hatsi da wake, da rani mu gangara fadama mu yi albasa. Kowa ya san gidan kowa, kowa ya san gidan da ba a shanya tsummokin jariri.

Yayata ce ta rene ni bayan rasuwar uwarmu, don haka maganarta a gidana ta fi ta uwar miji nauyi. Ita ke kawo magani. Yau saiwa ce daga wani tsoho na wajen Alela, gobe ɓawon itace daga wata mata ta Bazaga, jibi rubutu cikin kwalba. Matata ta jiƙa, ta tace, ta rufe ido ta shanye. Akwai wani jiƙo da ya sa ta amai kwana uku, ta rame har zanenta ba ya zama a ƙugu. Ba ta taɓa cewa a'a ba. In Yaya ta tafi sai ta wanke ƙoƙon ta kife, ta koma bakin turmi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, shekara uku kafin bazarar da nake ba da labari, na kai albasa Konni, na gama da dillalai da wuri, sai na shiga wani asibiti ni kaɗai. Likita ya saurare ni, ya ba ni ƴar kwalba, ya nuna mini wani ɗaki. Ba zan rubuta kunyar da na ji a ɗakin nan ba. Da na koma karɓar sakamako ya zaunar da ni ya ce ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyina kaɗan ne ƙwarai, waɗanda ke akwai kuma ba su da ƙarfin tafiya. Ya ce in zo da matata a duba mu tare, akwai abin da za a gwada, ko da yake bai yi mini alkawarin komai ba. Na ce to. Na hau mota na dawo gida, matata ta kawo mini ruwa, ta ce yaya kasuwa, na ce kasuwa lafiya.

Na yi niyyar faɗa mata a makon nan. Sai na ce bari a gama shuka. Aka gama shuka, na ce bari a yi girbi, bari a yi sallah. Mutane suna yabon haƙurina, suna cewa da wani ne da ya daɗe da ƙara aure ko ya sallame ta, ni kuwa in sunkuyar da kai in karɓi yabon. Na san abin da ya hana ni ƙara aure. Mace ta biyu za ta tona abin da ta farko ke rufe mini ba da saninta ba.

A shekarar da nake magana aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a garinmu. Bayan la'asar, in yara sun tashi daga lakwal, wato makarantar boko, mu manya mu shiga mu zauna kan ƙananan benci, gwiwoyinmu na dukan tebur. Ina da shekara arba'in da shida na fara riƙe bik na rubutu. Ba na cikin masu saurin ganewa, amma ba na fashi, kuma na kamu da wata ɗabi'a: duk takardar da na gani sai na tsaya na haɗa baƙaƙenta, ko da ta ƙunshin sabulu ce. A littafin ajin ne na ga ana rubuta ɓera. Mu kusu muke cewa, shi zan rubuta.

Matata tana da ƙane, magidanci ne mai ƴaƴa huɗu, yana aikin likitan dabbobi a wajen Illela. Tun ranar da na auri yayarsa muke wasa da shi. Wata safiya ya zo da moto, wato babur, ya yi wa awakinmu allura, ya kuma dandaƙe mini bunsuru biyu da wani ƙarfe mai kama da awartaki. Da ya gama muka zauna gindin dogon yaro, ya ciro wasu takardu daga jaka yana dubawa, don a lokacin yana shirin jarrabawar ƙarin girma. Na miƙa wuya ina leƙe.

Ya ce, "A'a, ɗan lakwal mai furfura, wanga ya fi ƙarfinka. Ka koma ga ba, bi, bu."

Na ce, "Likitan awaki, kai ma daga ba ka fara. Miƙo in gani."

Faransanci ne, ban gane ko kalma guda ba, sai dai akwai hoton kusu an zana shi a kwance, an ja layi daga kansa zuwa ƙasan cikinsa. Na ɗora yatsa kan wata doguwar kalma da ta yi ta maimaituwa, na ce mi ke nan.

"Bazofiresin," in ji shi. "Faɗa mu ji."

Na faɗa, ya yi dariya har ya buge gwiwa. Sa'an nan ya yi mini bayani, don shi mutum ne mai son a tambaye shi. Ya ce wani sinadari ne da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mutum na da shi, akuya na da shi, kusu na da shi. In ƙishirwa ta kama jiki sai ya yawaita cikin jini, ya je ga ƙoda ya sa ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsarin mai azumi ke yin kaɗan ya yi ja.

Na ce, "To mi ya kai layin nan can ƙasa?"

Ya ce, "Nan ne abin mamakin. Masana sun same shi a marainan kusu ma. Akwai wuraren da yake kamawa can, a jikin ƙwayoyin da ke yin sinadarin mazakuta, da jikin siraran bututun da iri ke bi. Ka ga ke nan aikinsa bai tsaya ga fitsari ba, yana da hannu a sha'anin haihuwa."

"Wane irin hannu?"

Ya buɗe baki ke nan salularsa ta yi ƙara. Wani makiyayi ne, saniyarsa ta kwana tana naƙuda, ɗan maraƙin ya zo a gicciye. Ya tura takardun cikin jaka, ya leƙa ya yi wa yayarsa sallama, ya ce mini in ya dawo sai ya ji haddar da na yi. Moto ta tashi, ta bar ni da rabin magana.

Bayan kwana biyu na hau rumbu in ciro damin hatsi. Da na ɗaga na ƙasa sai ga sheƙar kusu, an tattauna tsumma da ganyen kara an yi gado, ƴaƴa jajaye babu gashi suna motsi a ciki. Na ƙirga bakwai. Da can sai in kwaso in watsa wa kaji, ban taɓa tsayawa kallo ba. Ranar nan na zauna bakin rumbun, rana na dukan ƙeyata, ina duba cikinsa. Rumbun laka ne, a rufe yake, tun kafin girbi ko ɗigon ruwa bai sauka a garin ba. Na ce a raina, wanga ina yake shan ruwa? Ban taɓa ganin kusu a bakin rijiya ba. Busasshen hatsi yake ci, cikin zafi yake kwana, kuma ba abin da ya fi shi haihuwa a duk abin da Allah ya halitta a gidana. Ni kuwa an san ni da shan ruwa, ko gona zan je sai na ɗaura jarka bayan keke, abokaina har tsiya suke yi mini a kai.

Sai maganar ta haɗu a kaina. Ƙishirwa ke kawo sinadarin, sinadarin yana aiki a maraina, kusu yana cikin ƙishirwa kullum, ni ban taɓa barin jikina ya ji ta sosai ba in ba watan azumi ba. Ko a watan azumin ma, da an sha ruwa nake cika ciki har in kasa ruku'u. Na ga kamar na gano abin da likitan Konni bai sani ba. Abin da ya fi ja na shi ne wannan magani ba sai na tambayi kowa ba. In ya ci, matata ta samu ciki, maganar asibiti ta mutu a cikina, ba wanda zai taɓa ji.

Na fara da azumin Litinin da Alhamis, wanda ba mai tambayar dalilinsa. Daga nan na mayar da abin kullum, ba da niyyar azumi ba: moɗa ɗaya da asuba, moɗa ɗaya da magariba. Bayan mako na rage zuwa rabin moɗa. Na bar shan fura don ita ma ruwa ce. Tuwo nake ci da miya kaɗan, in ta tauna loma tana ƙin wucewa. Har ɗanyen hatsi na dinga zubawa aljihu ina taunawa a hanya, don in yi abin yadda mai shi ke yi.

Lokacin ban ruwan albasa na ƙarshe ne, kafin a bar ta ta bushe a cire, kuma bazara ta kama. Tun hantsi iska ke zama kamar ta fito daga bakin murhu. Aikina shi ne in tada injin, in bi magudana da fartanya, in buɗe wa wannan fangali ruwa in toshe wancan. Wuni nake tsaye ruwa yana gudu bisa ƙafafuna, sanyi yana hawa har ƙwauri, maƙogwarona kuwa kamar an zuba toka. Wajen alwala ne abin ya fi wuya. In kurkure baki sau uku, in tofar sau uku, ina kula kada ko kaɗan ya wuce. Leɓuna suka tsattsage. Fitsarina ya koma kamar shayin da aka manta bisa wuta, ni kuwa ganin haka sai in ji daɗi, in ce sinadarin ya fara aiki. A aji baƙaƙe suka dinga rawa bisa allo. Malaminmu ya kira ni in karanta layi biyu, harshena ya manne, ya ce in zauna, ya tambaya ko zazzaɓi ne. Na ce gajiya ce.

Ban yi tunanin matata ba a cikin wannan lissafi, kuma ita abin ya fara kamawa. Tun ranar da aka kawo ta gidana, in na dawo daga aiki sai ta tare ni da ruwa a ƙoƙo, ta durƙusa ta miƙo. Yanzu sai in ce ta ajiye. Ta ajiye, ya yi ɗumi, ta zuba wa awaki. Rana ta uku ta wanke randa da tsawon safiya. Rana ta biyar ta turara ta. Da ta ga ban sha ba ta daina ɗebo na rijiya, ta dinga tafiya har famfon bakin hanya da tulu. Ranar kasuwa ta sayo sabuwar randa.

Wata rana da yamma ta tsaya da ƙoƙon a hannu, ta ce, "Malam, ruwan yana wari ne?"

Na ce a'a.

"To ni ce na yi wani abu?"

Na ce ba ta yi komai ba, ba na jin ƙishirwa ne kawai. Ta kalli bakina, ta kalli ƙoƙon, ta juya.

Dangar gidanmu ta kara ce, maƙwabta suna ganin abin da ake zuba wa awaki. Ba a yi mako biyu ba magana ta kai ga Yaya. Ta zo da hantsi, ranar da ciwon kai ya hana ni fita, ina kwance cikin ɗaki. Ba ta ko zauna ba. Daga tsakar gida nake jin ta.

"Ke, zo nan. Mi kike zuba mishi cikin ruwa?"

"Ni, Yaya?"

"Da wa nike magana? Namiji ba shi ƙin ruwan matarshi haka nan. Jikinshi ne ya gane. Shekara goma sha bakwai kin ɗaure shi, bai ƙara aure ba, bai ko kalli wata ba, mu muna cewa haƙuri ne. Yanzu ga shi ya koma kamar kara."

"Wallahi Yaya, ruwan da nike sha shi nike ba shi."

"Ki bar rantse-rantse. Bari a cire albasa, ni da kaina zan je wurin babanki. Abin ya isa."

Tsakanina da su labule ne kawai. Da na ɗaga shi na ce kalma uku, da an gama. Ban ɗaga ba. Na kwanta ina kallon azara, ina gaya wa kaina saura kaɗan, in na ƙara kwana goma wataƙila abin ya kama, in ciki ya fito duk wannan magana za ta wuce. Na ji Yaya ta fita. Na ji matata ta koma ta ɗauki taɓarya, ta ci gaba da daka daga inda ta tsaya. Daga ranar ta daina miƙo mini ruwa da hannunta. Sai ta ajiye sabon guga da igiya a bakin ɗakina, don in ɗebo da kaina in ba na yarda da nata.

Ranar goma sha tara na faɗi. Abin da nake tunawa shi ne na duƙa in toshe magudana, sai ƙasa ta taso. Maƙwabcina na garkar albasa, wani dattijo, shi ya ga ruwa ya ɓalle yana cin fangalinsa, ya zo yin faɗa, ya tarar da ni kife. Ya ɗora ni bisa amalanken jaki kan buhunan da ba komai ciki, ya kai ni ƙaramin asibitin da ke bakin titi. Na farfaɗo da allura a hannu, jakar ruwa rataye bisa kaina. Manjo, wato babban ma'aikacin wurin, ya kama fatar bayan hannuna ya ja sama ya saki, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba.

Ya ce, "Baba, an ce cikin ruwa aka tsinto ka. Yaya mutum zai bushe haka cikin ruwa? Gudawa kake?"

Na ce a'a.

"Amai?"

Na ce a'a. Ya daɗe yana kallona, ya ce saura kaɗan ƙodata ta tsaya, ya sa aka rataya jaka ta biyu.

Ƙanin matata ya iso bayan azahar, ƙura har gira. Matata tana zaune waje bisa baranda tun safe, ba ta shigo ba, don Yaya ta riga ta zama bakin gadona, Yayar kuma ba ta tashi ba sai da aka kira ta gida. Ya ja kujera ya ce, "Ɗan lakwal, an ce karatu ya kayar da kai. Na ce maka ka tsaya ga ba, bi, bu."

Na gaji da riƙe abin. Na gaya masa maganar rumbu, da moɗa, da ɗanyen hatsi a aljihu. Ya fara dariya, ya kama ciki, ya ce wallahi tun da yake bai taɓa jin mutum ya nemi zama kusu ba, ko wutsiyar ta fara fitowa a duba? Har wanda ke kwance gadon kusa da ni ya tambaya mi ake dariya.

Da ya nutsu ya ce, "Mijin yaya, rabin magana ka ji. Kusu yana samun ruwa daga abin da yake ci, kuma ƙodarsa an yi ta don haka, taka ba a yi ta ba. Sinadarin nan kuma, i, an ce yana sa bututun nan su matsa su tura iri gaba. Amma an ga inda yawansa ya rage sinadarin mazakuta, ya rage wa iri gudu. Su kansu masu binciken ba su gama gane aikinsa ba, kuma a jikin kusu suke dubawa. Ba wanda ya taɓa cewa ƙishirwa na kawo haihuwa. Da ka kira ni."

Na ce ban so in dame shi ba.

Na ga dariyar tana barin fuskarsa kaɗan-kaɗan. Ya ce, "Tsaya. Kai mi ya sa kake neman magani wa kanka? Wa ya ce maka daga wajenka ne?"

Na gaya masa.

"Yaushe?"

Na gaya masa wannan ma. Ya tashi ya je bakin taga ya tsaya, ya ba ni baya. Mutumin da shekara goma sha bakwai bai taɓa yi mini magana ba wasa a ciki ba, ya juyo ya ce, "Uwarmu ta mutu tana neman gafararka don ƴarta ta hana ka zuriya. Ka zo gaisuwa, ka ce ba komai. Yanzu zan kira ta. Ko ka faɗa mata, ko ni in faɗa, amma yau."

Ta shigo ta tsaya ƙafar gado, ba ta zauna ba. Na faɗa mata yadda likita ya faɗa mini, ban rage ba. Na yi zaton za ta yi kuka ko ta ɗaga murya. Ta daɗe tana kallon jakar ruwan yana ɗiga.

Ta ce, "Jiƙon nan da ya sa ni amai kwana uku, kafin ka je ne ko bayan ka je?"

Na ce bayan na je ne.

Ta gyaɗa kai. Ta gyara lulluɓi. Ta ce, "Ni ba ni faɗa ma kowa, don ba mai yarda da ni. In ka tashi kai za ka faɗa ma Yaya, a gidanta, ina tsaye."

Kwana biyu na yi aka sallame ni. Washegari da hantsi muka tafi gidan Yaya, ina gaba tana baya. Mata huɗu muka tarar suna daka a tsakar gida, surukan Yaya da wata maƙwabciya. Yaya ta ce in shigo ɗaki, na ce nan ma ya isa. Na ce ba abin da aka zuba mini a ruwa, ni na hana kaina sha don neman maganin haihuwa, kuma rashin haihuwar daga wajena ne, likita ya auna ya faɗa mini tun shekara uku. Taɓare suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ta ce, "Ita ta sa ka faɗi haka."

Na ce, "Yaya, ba ta sani ba sai shekaranjiya waccan."

"Rufa ma kanka asiri, kai! Mu shiga ciki."

Na ce na daɗe ina rufawa, da ita nake rufawa. Yaya ta zauna bisa turmin da ke kife, ta sa gefen zane a fuska. Ba ta dubi matata ba, ba ta ce mata ta yi haƙuri ba, ranar ko bayanta. Kafin azahar babu gidan da bai ji ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ba da labari. A bakin masallaci hira kan yanke in na iso. Masu tallar maganin maza da ke yawo da lasifika ranar kasuwa suka san ƙofar gidana. Yaya ta koma kawo saiwoyi da ɓawo, yanzu ni take miƙa wa, in karɓa in gode in sa cikin wuta. Albasar shekarar ta yi ƙanana don ban ruwan ƙarshe ya lalace. Matata ta tafi gidan babanta ba tare da ta tambaye ni ba, ta yi wata biyu. Na je biko sau uku, tsohon ya karɓe ni da mutunci, ya ce ita za ta yanke. Ana gab da saukar damina na dawo daga sharar gona na tarar da hayaƙi yana tashi daga madafa. Ba ta faɗi abin da ya dawo da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Mun je Konni tare sau da yawa, an duba ta an ce lafiyarta lau, an ba ni ƙwayoyi na sha wata da watanni. Har yau shiru. Muna zaune lafiya, sai dai maganarta da ni ta ragu, kuma ban ga laifinta ba. Ƙaninta yana zuwa yi wa awaki allura, muna gaisawa kamar mutanen kirki, wasan bai dawo ba.

A watan da ya wuce aka yi suna a gidan maƙwabcinmu. Mu maza muna zaune bisa tabarmi a waje bayan an yanka rago, mata suna ciki, dangar kara ce tsakani. Wata tsohuwa da ta zo daga nesa, ba ta san labarin garin ba, ta ga matata riƙe da jaririn, ta ce da ƙarfi, "Allah ya kawo naki, ƴata, Allah ya buɗe miki."

Matata ta ce, "Inna, ni lafiyata lau. Maigidana za ki yi ma addu'a, ga shi can waje."

Tsohuwar ta ɗaga murya ta ce to Allah ya ba shi lafiya. Maza kusan ashirin ne a tabarmin, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Na ɗaga hannu na ce amin yadda za a ji daga ciki.